Ledar da Ta Kusa Raba Ni da Uwarku

Ran da kuka taru za ku gyara wa uwarku ɗaki, Zainabu ta zaro wata tsohuwar leda daga ƙasan kwalla za ta jefa a shara, duk kun ga yadda tsohuwar nan mai kukan ciwon gwiwa ta zabura ta fizge ta kamar an taɓa mata gwal. Kuka yi ta dariya, wai tsufa ya fara taɓa Hajiya. Ni ban yi dariya ba. Na san wasunku sun tsinci guntun labarin a bakin dangi, ba kai ba gindi, har wani marar ta-ido ya taɓa gaya wa Aminu wai a da ana kiran uwarsa mai farar ƙafa. An kira ta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma tunda a gabana aka yi komai, kuma in an cire mutum ɗaya ni na fi kowa laifi a ciki, gara ku ji daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ni da wana Yaya Garba muka dace da masara shekara biyu a jere, muka haɗa da shanun huɗa guda biyu muka sayi akori-kura ta hannu. Shi ne babba, shi ke da magana. Ni ne direba, ni ke da makulli. Daga nan Ƙafin Maiyaki nake ɗaukar 'yan kasuwa in bi ta Tudun Wada, in ratsa dajin Falgore in sauka Doguwa, in dawo da buhunan masara har motar tana durƙusawa. A lokacin ba wanda ya kai ni cika baki a tasha, kuma gaskiya na san motar nan. In ta yi baƙin hayaƙi na san mai ya yi mata yawa. In ta yi shuɗi, baƙin mai take sha. In fari ne mai kauri da bai wuce da ɗumin safiya ba, ruwa ya sami hanyar shiga inji, sai a faka a nemi bakanike kafin a yi babbar asara. Birki in ya fara kuka ba na jiran ya yi kururuwa. Kowace safiya kafin in karya sai na buɗe gabanta na duba ruwan lagireto da baƙin mai, na bi tayoyi da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ina cewa mota ba ta mutuwa ba sallama, sai dai mai ita ya zama kurma. Allah ya ji wannan cika bakin, ya kuwa tanadar mini darasi.

A wannan shekarar na ga uwarku, Hajara. Na kai wa mahaifinta taki a ƙauyensu da ke gefen Tiga, cikin ƙasar Bebeji, na tarar da ita a bakin ruwa ta naɗe zani tana jan igiyar injin ban-ruwa, uban yana can ƙarshen gona yana gyara kwami. Ba shi da ɗa namiji da ya tasa, ita ce hannunsa. Mutanen nan asalin garinsu yana ƙarƙashin ruwan dam, tana 'yar ƙarama aka tashe su, suka koma kamun kifi da noman rani. Da na kai maganarta gida, Inna, mahaifiyarmu, ba ta hana ba, amma ta ɗan taɓe baki.

"Sule, duk 'yan matan garin nan ba su ishe ka ba, sai waɗanda ruwa ya cinye garinsu?"

Na mayar da maganar wasa, aka sha biki. Ango ba ya tuƙi ranar aurensa, don haka Yaya Garba ne ya ja motar zuwa ɗauko amarya. Tun azahar muke zuba ido, sai bayan la'asar suka iso, mata duk sun galabaita. Wai a wani ɗan hawa motar ta yi tari ta mutu, aka yi ta fama ta ƙi tashi, da aka gaji aka zauna a inuwa, can sai ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Ban ɗauki abin da zafi ba, ango yana da abin da ya fi wannan damunsa. Da na koma aiki na ga sabon murfi yana ƙyalli a bakin tankin mai, na tambayi Yaya, ya ce tsohon ne ya tsufa, wannan gudummawarsa ce. Na yi godiya.

Daga wannan makon motar ta zama wata iri. Da safe lafiya lau, a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Amma da na ɗauko kaya na kama hawa, na taka totur, sai ta fara shessheƙa, ta yi tari biyu uku, ta yi ɗif. In na yi ta murɗa makulli, banza. In na ƙyale ta kamar tsawon alwala da salla, sai ta tashi ras. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau huɗu, wata rana ko kusa. Na canja fulogi. Na kwance kafireta na wanke ta har sau uku. Bakaniken Tudun Wada ya ce kwayil ne ke ɗaukar zafi, aka canja. Na Kiru ya ce famfon mai ne, aka canja. Wani ya cire tiyon mai ya hura da baki, ya ji iska ta wuce, ya ce ai hanya a buɗe take, ka tafi. Kowa in ya gama motar takan tashi, ya buga ƙirji, kwana biyu ta mayar da ni gidan jiya. Sau biyu tana mutuwa da ni a tsakiyar Falgore, fasinja suna ta waige-waige suna salati. 'Yan kasuwar da suke rububin motata suka fara kewaye ni. Ɗan kamashon tasharmu in ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Doguwa, Doguwa, mai haƙuri ya shigo!" Wata rana na kusa fasa masa baki, sai da aka riƙe ni.

Ba a gidanmu maganar ta fara ba, a gidan suna ta fara, kamar yadda irinta takan fara. Wata ta ce ai tun ran da aka ɗauko yarinyar nan motar ba ta sake lafiya ba. Wata ta ce yo ai ƙafarta ce ta taka motar. Kafin wata ya ƙare kowa ya san Sule ya auro mai farar ƙafa, wadda in ta shiga gida arziki ke fita ta taga. Aka ce ba mamaki, mutanen da garinsu ma bai tsira ba. Akuyar Inna ta yi ɓari, aka ce ita ce. Yaya Garba ya fi kowa zaƙewa, shi ya kawo layar da aka rataya a madubi, shi ya kawo turaren da aka banka a ƙarƙashin mota har na ji tsoron gobara. Uwarku tana ji, tana gani. Mata suka daina karɓar abu daga hannunta ranar kasuwa. Duk ta bi ta rame.

Ga nawa laifin, ba zan ɓoye muku ba. A baki ina zagin masu maganar, amma a zuci abin ya fara cina. Wata safiya tana alwala a tsakar gida, na tsaya a bayanta ina ƙare wa dugaduganta kallo, wai ko zan ga alamar da ake faɗa. Ta juyo ta kama ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo ƙafar gabana, ruwa yana ɗiga.

"Duba da kyau, Malam. Ga ɗayar ma."

Na shekara fiye da sittin a duniya, an mare ni, an zage ni, mota ta taɓa kifewa da ni, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Har yau in na tuna sai na ji zufa.

Kaka ta matso, lokacin da mai mota ke samun na shekara. Inna ta kira ni ɗakinta, na tarar da Yaya a zaune. Shi ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, Babba take ce masa.

"Sule, ni ban ƙi yarinyar nan ba, ba ta taɓa yi mini musu ba. Amma motar nan gumin ubanku ce. Babba ya ce ka sallame ta ta je gida, in Allah ya sa rabonta yana wani wuri shi ke nan."

Yaya ya ce, "In kuwa ba za ka iya ba, ka ajiye makulli. Kafin a fara ɗaukar masara nake son jin amsa."

Na fito ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma wannan shirun ma laifi ne. Uwarku ta ji komai, katangar kara ba ta riƙe magana. Washegari ta ce in kai ta ta gaida iyayenta. Na lura ta ɗaure kayanta a ɗankwali fiye da na mai kwana ɗaya, na yi kamar ban gani ba. Ina da buhunan taki da zan sauke a can, muka kama hanya tana gefena. Muna kama hawan nan da motar ta mutu ranar biki, sai ta soma halinta. Tari, shessheƙa, ɗif. Na daki sitiyari na fito ina surfa wa ƙarfe zagi. Da na gaji na dawo na zauna, sai na ji muryarta a hankali.

"Malam, in tambaye ka mana. In ta mutu haka, me kake yi mata ta tashi?"

Na ce ba na yin komai, hutawa take.

"In tanki a cike yake, tana yi?"

Na buɗe baki zan ce mata wannan ba maganar mata ba ce, sai na tsaya. Ba ta cika yi da safe ba, lokacin da na sha mai. Sai an yi nisa, mai ya ja baya.

"Kuma sai ka matsa mata, ko? Sai tana zuƙa da ƙarfi?"

Na ce haka ne.

"To injin Baba haka yake yi. In ganye ko leda ta zo bakin tiyon da ke cikin ruwa, inji ya zuƙe ta ta manne, sai ruwa ya yanke. In ka kashe, ta saki ta koma gefe. Ka tayar, ya yi ta aiki, sai ta sake zagayowa. Wanda bai sani ba sai ya kwance inji gaba ɗaya, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Ni dai ban san mota ba. Amma kun duba inda take sha?"

Wata huɗu ni da bakanikai uku muna dukan taiki mun bar jaki. Kowa yana gaban mota, ba wanda ya zagaya baya. Mai hura tiyo ma, da ya hura ai ture abin ya yi, shi ya sa ya ji hanya a buɗe. Na murɗa makulli, motar ta tashi, na juya kanta zuwa gida. Uwarku ta ce ba wajen iyayenta za mu ba? Na ce taki ya jira, ita kuma ta kwance ɗankwalin nan.

Na sami Inna da Yaya na ce gobe da hantsi zan sauke tankin mota a ƙofar gida. Yaya ya tashi tsaye.

"Tankin me? Kai dai ka cika taurin kai. An gaya maka abin da ke damun motar nan, kana neman ɓarke ta a banza."

Na ce, "Yaya, in na sauke ban sami komai ba, ga makullinka. Amma ka sani, ko na samu ko ban samu ba, matata ba inda za ta. In gidan nan ya yi mana kaɗan, ƙasar Allah da faɗi."

Inna ta ce ni da nake auta yau ni ke faɗa wa Babba haka? Na ce ta gafarce ni, amma na faɗa. Wannan ce maganar da ya kamata in yi tun wata huɗu da suka wuce.

Da safe zan fita, uwarku ta miƙo mini wata doguwar waya, ta ɗaura ƙugiyar kamun kifi a bakinta, cikin waɗanda ta zo da su daga gida. Ta ce farar leda ba ta ganuwa a cikin ruwa, sai an lalubo. Na naɗe wayar na cusa a aljihu, don kada maza su ga direba da kayan masunta.

Kafin in gama tsiyaye man a cikin kwanoni, ƙofar gida ta cika. 'Yan tasha sun zo, har da ɗan kamashon nan, mata suna leƙe ta saman katanga. Na hana kowa kunna taba, na kwance tankin, muka sauke shi ƙasa ni da wani maƙwabci. Na kifa, na girgiza. Tsatsa ta zubo, da ɗan yashi, da wani mataccen ƙwaro. Na haska tocila ta baki, ban ga komai ba. Na sake girgizawa, ba komai. Sai na ji an fara gyaran murya. Wani dattijo ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaya ya miƙo hannu.

"To, gani ya kori ji. Kawo makullin."

Na sa hannu a aljihu zan ɗauko makulli, sai ƙugiyar nan ta soke ni a yatsa. Na ce a ba ni minti ɗaya. Na warware wayar, mutane suka fashe da dariya, ɗan kamasho ya ce yau Sule zai kamo mana tarwaɗa a tanki. Na zura, na laluba dama, na laluba hagu, na kai ta can lungun da bakin bututun mai yake. Na ji ta kama wani abu mai santsi. Na jawo a hankali, a hankali. Sai ga ta. Farar leda, doguwa, ta yi laushi kamar tumbi, mai yana ɗiga, bakinta ɗaure da zaren buhu, har da ɗan guntun totuwar masara a ciki.

Na ɗaga ta sama yadda na bayan katanga ma za su gani. Na ce, da ƙarfin da Allah ya ba ni, "Jama'a, ga mai farar ƙafar! Ku zo ku gaisa!"

Wurin ya kaure da hayaniya. Amma ni Yaya nake kallo, domin na ga fuskarsa ta canja tun kafin ledar ta gama fitowa. Inna ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, ta dubi ledar, ta dubi ɗanta.

"Babba, me ka sani a kan wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe ranar ɗauko amarya, da ya tsaya shan mai a hanya, ya manta murfin tankin a kan mota, ya faɗi. Da ya lura, sai ya yi abin da kowane manomin masara zai yi in jarka ta rasa murfi: ya sami totuwa, ya naɗe ta da ledar alewar ɗaurin aure, ya ɗaure da zare, ya toshe. Da suka iso gida ya ga toshiyar ta karye, rabi ya faɗa ciki. Kunya ta hana shi faɗa, ya sayo sabon murfi ya ɗaura. Ya rantse bai taɓa kawo wa ransa cewa ita ce ba, yana zaton mai ya narkar da ita. Na yarda da shi, don na san bai san mota ba. Amma laifi tudu ne, ya take nasa ya hango na 'yar mutane.

Na mayar da tanki, na loda buhu har motar ta durƙusa, na ɗebi duk wanda ke son gani, muka tafi Doguwa muka dawo a ranar da mai kaɗan a tanki. Ko atishawa ba ta yi ba. A hawan da ta saba kunyata ni na danna ham tun daga ƙasa har sama, 'yan tasha a baya suna ihu. Da na dawo gida na tarar da abin da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba: Inna zaune a tabarma, ta ɗora ƙafafun surukarta a cinya tana sa mata lalle da hannunta, uwarku ta rufe fuska da mayafi tana ta roƙon a bari. Inna ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, da hannu ta bayar.

Abin bai tafi a banza ba. Ni da Yaya mun yi kusan shekara biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, shi kunya, ni fushi, don kun san halina. Bayan kaka na bar masa motar na buɗe garejin da kuka taso kuka gani. Duk abin da na yi suna da shi a can, tambayoyin uwarku ne a bakin hanya: yaushe take yi, yaushe ba ta yi, me aka taɓa kafin ta fara. Ba na ɗaukar sifana sai mai mota ya amsa mini waɗannan. Sau nawa aka kawo mini motar da aka ce sammu ne, na tarar da waya ce ta goge. Uwarku ta yafe wa Inna a ranar, ta yafe wa Yaya ba da jimawa ba. Kallon da na yi wa ƙafarta ne ya daɗe, sai da aka haifi Aminu ta daina jan zani ta rufe in na shigo.

Shekara uku bayan haka Yaya Garba ya sayi sabuwar mota. Kafin ya kai ta tasha, kafin ma ya kai ta ƙofar gidansa, sai ga shi a ƙofar gidana. Ya yi sallama, ya cire hula ya mayar, ya rasa ta inda zai fara. Can ya ce ya zo ne a roƙa masa Hajara, in ba damuwa, ta fara sa ƙafa a motar nan, ko Allah zai sa albarka. Maƙwabta sun fito, har da matan da a da ba sa karɓar abu a hannunta. Ta fito da mayafi, Aminu a goye. Kun san mace ba ta sakin baki da wan mijinta, don haka ba ta dube shi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta ɗaga ƙafa, sai ta dakata, ta juyo wajena, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Malam, tambayar mini Yaya. Da murfi a tankin?"

Yaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, hawaye yana zuba, ban san na dariyar ne ko na wani abu ba. Ya tashi da kansa ya kwance murfin ya kawo mata ta gani. Sannan ta shiga.

To, ledar ke nan. Wanda ya sake kai mata hannu, shi da Hajiya, ni ba ruwana.